Hotunan Shagon Gwaggo: Shafin da Ya Ƙi Buɗewa da Leshin da Ya Canza Launi

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, a Unguwar Rimi ta Kaduna take zaune, kuma a nan cikin gidanta take sayar da atamfa da leshi da shadda da mayafai. Yawancin kayan daga Kantin Kwari na Kano take sarowa, in ta matsu ta leƙa kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ta cike gurbi. Ta daɗe tana ciniki ta WhatsApp, ta ɗora kaya da safe, kafin la'asar an yi mata magana. Da ɗanta ya fara karatun kwamfuta sai ya ce zai yi mata shafin intanet na kanta, ya zauna ya rubuta shi da hannunsa, ba tare da ya jingina da WordPress, manhajar da ake gina shafuka da ita, ko wani abu makamancinsa ba. Ya yi ƙoƙari ƙwarai, tsarin shafin ya yi kyau.

Wata biyu da buɗe shafin ta kira ni da daddare.

"Kai ne ka san harkar nan, ka zo gobe ka duba min. Mutane na cewa abin ba ya buɗewa, wata ma ta ce ya cinye mata data. Ga kuma wata a Zariya ta dawo min da leshi goma na anko, ta ce ba shi ta gani a hoto ba."

Matsala biyu ke nan a bakinta. Da na zauna na duba, sai na ga tushensu ɗaya ne, wato hotunan: inda aka samo su, da yadda aka ɗora su.

Abin da na tarar

A falonta na fara gwaji da wayata, da datata, kamar yadda kowace mai saye za ta yi. Sunan shago ya fito nan take. Daga nan sai fari fat. Can sai hoton farko ya fara saukowa daga sama kaɗan-kaɗan kamar ana sakin labule. Na kai hannu zan taɓa wata atamfa, sai wani hoto ya faɗo a samanta ya tura ta ƙasa, yatsana ya sauka a kan wani kayan daban. Kafin hotunan su gama fitowa Gwaggo ta kawo min shayi har na sha rabi.

A kwamfuta na buɗe sashen burauza da ke nuna nauyin duk abin da shafi ya sauke. Hotuna 30 ne a shafin farko. Guda 18 daga cikinsu kai tsaye daga kyamarar wayarta aka kwaso su, kowanne faɗinsa fiksel 4000 tsayinsa 3000 (fiksel su ne ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto), nauyinsa tsakanin megabait 3 da 5. Jimillar shafin ta haura megabait 70. Na yi mata lissafi a fili: mai gigabait ɗaya, in ta buɗe wannan shafi sau goma sha huɗu, datarta ta ƙare. Kuma wannan na zuwa ne bayan hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, lokacin da kowa ke lissafin megabait ɗinsa kamar yadda ake lissafin mudun shinkafa. Abin takaicin, allon wayar mai saye ba ya nuna ko kashi ɗaya cikin goma na waɗannan fiksel ɗin. Wayar ce take sauke hoton duka, sannan ta matse shi ya shiga ɗan akwatin da bai fi faɗin yatsu uku ba. Kuɗin mutum ya tafi a kan abin da idonsa bai gani ba.

Sauran hotuna 12 kashi biyu ne. Akwai waɗanda dilolin Kwari suka turo mata ta WhatsApp, wasu ma sikirinshot ne na abin da dila ya ɗora, har da agogo da alamar batir a samansu. Akwai kuma na mata sanye da ɗinki masu kyau, waɗanda yaron ya kwaso daga Google da Instagram don shafin ya yi armashi. Ɗaya daga ciki har da tambarin wata tela ta Legas a ƙasan hoton, an yanke rabinsa.

Leshin Zariya

Na nemi ta fito min da leshin da aka dawo da shi, muka fita tsakar gida, na riƙe wayar kusa da shi. A hoto ruwan hoda ne mai haske. A hannu kuwa ya karkata zuwa ruwan hanta, ya fi duhu nesa ba kusa ba. Matar ba ta yi ƙarya ba. Duk wanda ya san yadda ake anko a biki ya san ba ƙaramin abu ba ne: ƙawayen amarya goma sun tara kuɗi, an riga an sayi ɗankwali da takalmi da za su shiga da launin da aka gani, tela yana jira.

Hoton ba Gwaggo ce ta ɗauka ba. Dila ne ya ɗauka a cikin shago ƙarƙashin ƙwan lantarki, da alama kuma wayarsa na da irin gyaran nan da ke ƙara wa launi ƙarfi. Daga shi ya je wa wani, daga wanin ya zo mata, ita kuma ta tura wa ɗanta. A kowane zango WhatsApp na rage girman hoto ya sake matse shi, sai dai in an tura shi a matsayin fayil. Akwai wani abu game da JPEG, tsarin fayil ɗin da yawancin hotunan waya ke zuwa a cikinsa, da ya kamata duk mai sayar da tufafi ya sani. Tun da aka fito da tsarin a 1992 an gina shi ne a kan cewa idon mutum ya fi lura da haske da duhu fiye da ƙananan bambance-bambancen launi, don haka in zai rage nauyi, bayanin launi yake fara zubarwa. A hoton mutum ko na gini ba a cika lura ba. A atamfa mai ƙananan zane ja da kore kusa da juna, ko leshi mai duwatsu, nan take ake ganin launukan sun narke sun shiga juna. In aka maimaita matsewar sau uku ko huɗu, abin da ya rage ba ya wakiltar kayan.

Saye ta intanet dama cinikin biri a sama ne. Mai saye ba ta taɓa yadin ba, ba ta murza shi tsakanin yatsu ba, ba ta fita da shi bakin ƙofa ta gani a hasken rana ba kamar yadda ake yi a kasuwa. Hoton ne kaɗai ya tsaya mata a madadin duk wannan.

Hoton wa ne?

A nan muka fi daɗewa, don yaron bai ga laifin abin da ya yi ba.

"Yaya, ai a Google na samo su. Kowa ma haka yake yi."

Na ce masa Google ba shi da hoto ko ɗaya a ciki, nuna maka inda suke kawai yake yi. Kowane hoto akwai wanda ya ɗauka, kuma haƙƙinsa na kansa tun daga lokacin da ya danna, ko ya buga tambari ko bai buga ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta ba hoto kariya ta shekara 50. Mai hoto na iya kai ƙara, yana kuma iya rubuta wa kamfanin da ke riƙe da shafin ya nemi a cire abin.

Ban ma gama bayanin doka ba Gwaggo ta karɓi wayar ta ƙura wa hoton telar Legas ido. Ta ce, "Wato mai kallo za ta ɗauka ni na ɗinka wannan? Ko yadina ne a jikinta? Wannan ai algus ne. A cire." Ta riga ni isa wurin, ta hanyar da ta fi tawa ƙarfi.

Yaron ya tambaya ko babu inda ake samun hoto na halal kyauta. Akwai. Unsplash da Pexels da Pixabay suna ba da hotunan da za a iya amfani da su har a kasuwanci ba tare da biya ba. Akwai Wikimedia Commons, inda yawancin hotuna ke ƙarƙashin lasisin Creative Commons, kuma dole a karanta sharaɗin kowanne: mai alamar BY sai an ambaci sunan mai hoto, mai SA in ka gyara shi sai ka saki naka a kan sharaɗi iri ɗaya, CC0 kuwa babu sharaɗi. A wasu wuraren za ka ga mai alamar NC, wannan ba na ɗan kasuwa ba ne sam. Mun leƙa, mun ga hotuna masu kyau. Amma ba mu ɗauki ko ɗaya ba, kuma ni na ba da shawarar haka. Irin waɗannan sun dace da mai rubuta maƙala da ke son hoton Lugard Hall ko na kogin Kaduna. Mai sayar da yadi babu abin da zai yi da hoton yadin da ba ya cikin ɗakinsa.

Sai wata matsalar da ban zo da ita a raina ba. A shafi na biyu akwai hotunan biki, mata sanye da ankon da suka saya a wurinta, fuskokinsu a fili. Su suka turo mata don ta ga yadda ɗinkin ya fito, ba don duniya ta gani ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa hoton da za a gane mutum a cikin bayanansa na sirri, amma ko ba doka, kowa a garin nan ya san abin da zai biyo baya in miji ko uba ya ci karo da hoton 'yarsa ko matarsa a shafin talla ba da saninsu ba. Muka cire su duka a ranar. Daga baya Gwaggo ta bi su ɗaya bayan ɗaya da saƙon murya. Uku suka yarda a sa, da sharaɗin a yanke daga wuya zuwa ƙasa. Na ce ta adana saƙonnin amincewar.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne na ƙarshe. Na sauke ɗaya daga cikin manyan hotunan daga shafin, kamar yadda kowane baƙo zai iya yi, na buɗe bayanansa. Waya tana rubuta wasu bayanai a cikin fayil ɗin hoto, ana ce musu EXIF: irin wayar, ranar da sa'ar da aka ɗauka, in kuma an bar wa kyamara izinin sanin wuri, har da inda aka tsaya. Na danna lambobin, taswira ta buɗe, alamar ta sauka a kan layinsu, kusan a kan rufin gidan. Na juya mata allon. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Innalillahi." Mace ce da ke ajiye kaya na kuɗi masu yawa a gida, wadda ba ta ba da kwatance sai ta san mutum. WhatsApp da Facebook suna goge waɗannan bayanai daga hoton da ake gani, shi ya sa ba ta taɓa cin karo da matsalar ba. Shafin da mutum ya gina da kansa ba ya goge komai sai an sa shi. A take muka kashe izinin wuri a kyamararta.

Sabon ɗauka

Ranar Asabar muka sake ɗaukar komai. Ba mu sayi ko fitila ba. Mun shimfiɗa farin zanen gado a baranda, a inuwa, tsakanin ƙarfe tara da sha ɗaya na safe, lokacin da haske ya wadata amma rana ba ta faɗo kan kayan ba. Muka goge gilashin kyamara, wanda maiƙon hannu ya dusashe, muka kashe filasha da duk wani gyaran launi na wayar. A gefen kowane yadi na ajiye farar takarda. In takardar ta fito fara a hoto, launin yadin ma ya kusa gaskiya. In ta fito ruwan ɗorawa ko shuɗi-shuɗi, a sake. Daga baya ake yanke ta.

Kowane kaya hoto uku: turmin a naɗe, sannan a buɗe yadda zanen zai fito cikakke, sannan na kusa sosai da tef ɗin tela a kai don a ga girman fure ko dutse. Shadda ce ta wahalar da mu. Ƙyallinta na mayar da haske, sai ta fito fari a wani gefe, baƙi a wani. Sai da muka riƙa karkata wayar kaɗan-kaɗan har muka sami kusurwar da zanen cikinta ya bayyana. Gwaggo da kanta ta tsaya a kan kowane hoto, ta dubi allo ta dubi yadi, ta ce "wannan shi ne" ko "a'a, ya fi haka duhu". Idonta ya fi nawa a wannan fanni, shekarunta nawa tana kallon launi.

Da kebul muka kwashe hotunan zuwa kwamfuta. Na ce in babu kebul a yi amfani da Xender, ko a tura ta WhatsApp a matsayin fayil. Na asali kuma aka ware musu folda, ba a taɓa su, duk gyara a kan kwafi ake yi.

Rage nauyi

Wannan ɓangaren ya fi sauƙi, ko da yake shi mutane suka fi tsoro. Ana fara rage faɗi, sannan a matse. Daga kowane hoto muka fitar da uku: mai faɗin fiksel 400 don jerin kaya, 800, da 1200 don wadda ta danna tana son gani da kyau. Mun yi aiki da Squoosh, manhajar Google ta kyauta da ke aiki a cikin burauza ba tare da ta tura hotonka ko'ina ba. Tana raba allo biyu, na asali a hagu, wanda aka matse a dama, ka ja layin tsakiya ka gwada. Fayil ɗin da take fitarwa kuma ba ya ɗauke da bayanan EXIF, ta kashe mana tsuntsu biyu.

Tsarin fayil na WebP muka zaɓa a maimakon JPEG. Google ne ya fito da shi a 2010, kuma a gwajinsu ya fi JPEG sauƙi da kashi 25 zuwa 34 cikin ɗari a inganci iri ɗaya. Da can masu iPhone ne matsala, amma tun 2020 Safari ya fara buɗe shi. Akwai AVIF da ya fi shi matsewa, na bar shi saboda tsofaffin wayoyin da ke hannun wasu masu sayenta. Ban yarda a sa wa duka hotuna ma'auni ɗaya ba. Yadi mai launi ɗaya ya jure a rage ingancinsa har zuwa 70 cikin 100 ba a ga bambanci ba, leshi mai duwatsu kuwa ƙasa da 82 sai duwatsun su fara zama kamar tabo. Ƙananan hotunan suka tsaya tsakanin kilobait 30 da 60, manyan kuma 150 zuwa 250. Tambarin shagon, wanda yake PNG mai nauyin fiye da megabait ɗaya, aka sake zana shi a SVG, tsarin fayil na zane maras nauyi, ya dawo 'yan kilobait.

Sauran gyaran a cikin rubutun shafin ne, yaron ya yi su da kansa ina gefe. Ya sa srcset, yadda burauza za ta zaɓi girman da ya dace da allon da ke gabanta. Ya rubuta faɗi da tsayin kowane hoto, don a tanadar masa wuri tun kafin ya iso, abin da ya kawo ƙarshen tsalle-tsallen da ya sa na danna kayan da ban nufa ba. Ya sa loading="lazy" a hotunan ƙasa, ba za su sauka ba sai mai kallo ta gangaro kusa da su. Da farko har babban hoton sama ya sa wa, shafin ya ƙara jinkiri, muka cire. Wanda ido zai fara gani ba a jinkirta shi. Da a WordPress aka gina shafin, da srcset da jinkirta saukewa duk ya yi su da kansa, na farko tun 2015, na biyu tun 2020.

Sunayen fayil ma mun canza, daga jerin lambobin kyamara zuwa irin atamfa-kore-mai-ganye. A nan na ce ya guji ƙ da ɗ da ɓ, domin a adireshin intanet sukan rikiɗe su zama alamomi da lambobi, in an tura wa mutum sai adireshin ya yi tsawo ya yi muni. A bayanin da ake rataya wa kowane hoto kuwa, wanda manhajar makafi ke karantawa kuma yake bayyana in hoto ya ƙi buɗewa, Hausa sosai muka rubuta da ƙugiyoyinta: "Leshi ruwan hanta mai ƙananan duwatsu, yadi biyar."

Bayan gyara

Buɗewar farko ta shafin ta dawo ƙasa da megabait ɗaya. Na tura wa wani abokina a Rigasa da ƙanwata a Kawo su gwada da datarsu, duka suka ce kafin su gyara riƙon waya kaya sun fito. A PageSpeed Insights, ma'aunin saurin shafi, inda Google ke ɗaukar daƙiƙa 2.5 a matsayin iyakar lokacin da babban abin da ke shafi ya kamata ya bayyana, mun ɗan haura a gwajin waya. Sabar da yaron ya kama haya, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, a Turai take, wannan kuma aikin wata rana ne.

Launi bai warware gaba ɗaya ba, kuma ba zai warware ba. Allon Tecno daban, na iPhone daban, wata ta rage hasken wayarta don batir, wata tana Opera Mini wanda ke sake matse hotuna a sabarsa kafin ya miƙo. Don haka yanzu a ƙarƙashin kowane kaya Gwaggo na rubuta sunan launin da baki, kuma duk mai son anko sai an yi mata ɗan bidiyo a tsakar gida, ana juya yadin a hasken rana, ta ce ta gani ta yarda, kafin a ɗaure kaya a kai tasha.

Wuri ɗaya muka saɓa. Ni na so a daina sa hoton dila kwata-kwata. Ita ta ce kasuwa ba ta jira, in sabon zane ya sauka a Kwari ranar Litinin, ba za ta zauna sai Alhamis da kayan suka iso ba, wasu sun riga ta. Na ga gaskiyarta. Muka tsaya a kan cewa za ta nemi izinin dilan, ya turo a matsayin fayil, a rubuta a ƙasa "hoton dila ne, kaya na hanya", ranar da suka iso kuma a maye gurbinsa da nata.

Matar Zariya, Gwaggo ta mayar mata da kuɗinta cif, ta kuma biya kuɗin mota na zuwa da dawowa. Leshin goma suka zauna a ɗaki kusan wata guda. Muna cikin ɗaukar hotuna ranar Asabar ɗin nan ta ce a fito da su su ma, aka shimfiɗa ɗaya a kan farin zanen, aka ɗauke shi da launinsa na ruwan hanta. Wata mata a Malali ta sayi shida don sunan jikarta, sauran huɗun suka tafi ɗaiɗai.